Yadda ake shawo kan cutar ƙuna a bishiyar fiya, daga yanka zuwa feshi

Masu tambaya a kan wannan cuta kusan duk abu ɗaya suke son ji: rassa sun yi baƙi kamar an bi su da wuta, wane magani za a fesa? Amsar ba mai daɗin ji ba ce. Reshen da ya riga ya yi baƙi babu feshin da zai dawo da shi, domin ƙwayar cutar ta shige ƙarƙashin ɓawo, inda magani ba ya kaiwa. A wannan lokaci almakashi da zarto ne kawai suke aiki. Feshi yana da ranarsa, amma ranar tana zuwa tun kafin a ga wata alama, wato lokacin fure. Mafi yawan asarar da ake yi daga juya wannan tsari take, a yi feshi sa'ad da ya kamata a yi yanka, a yi barci sa'ad da ya kamata a yi feshi.

Fiyar da ake magana a nan ita ce ta ƙasashen sanyi, 'yar'uwar tuffa, ba afokadon da ake ce wa fiya a kasuwanninmu ba. Cutar ba ta kama afokado ko mangwaro ko lemo, kuma ba ta cutar da mutum. Bakteriya ce mai suna Erwinia amylovora ke haddasa ta, a jikin kwalin magani kuma za ka ga an rubuta fire blight. Tana kama fiya da tuffa da kwins (quince, wani ɗan itace mai kama da fiya) da wasu itatuwan ado na danginsu, amma fiya ta fi jin jiki. Tana nan a Amurka da mafi yawan Turai da Turkiyya da Iran, ta shiga Masar tun 1964, aka gan ta a Maroko a 2006. A shekarar 2000 ta yi wa manoman tuffa na jihar Michigan a Amurka asarar da aka ƙiyasta ta kai dala miliyan 42. Matakan da ke ƙasa sun fara ne daga ranar da ka ga alama, su zagaya shekara har zuwa fure na gaba.

1. Tabbatar da cutar kafin ka taɓa bishiya

Alama ta farko a kan fure take. Gungun furanni sai ya yi kamar an jiƙa shi, ya yanƙwane, sannan ya yi baƙi, mako ɗaya zuwa uku bayan ƙwayar ta shiga. Daga nan ta bi sandar furen ta gangara cikin reshe. Sabon tsiro kuwa kansa yakan lanƙwashe ƙasa kamar ƙugiya, ganyen ya fara baƙi daga jijiyar tsakiya. A fiya ganyen baƙi ƙirin yake yi, a tuffa ruwan ƙasa. Ganyen ba ya zuba, yana nan maƙale a reshe har sanyi ya shigo.

Abu biyu ne suka fi tabbatarwa. Na ɗaya, ɗigon ruwa mai danƙo, fari-fari ko ruwan zuma, a jikin tsiro ko ɗanyen 'ya'ya, musamman da safe idan akwai laima. Na biyu, ka fere ɓawo da wuƙa ƙasa kaɗan da inda baƙin ya tsaya. Idan ita ce, za ka ga naman da ke ƙarƙashin ɓawon ya yi zane-zane ja-ja, da danshi, maimakon kore ko fari.

Akwai masu kama da ita. Idan furanni sun mutu bayan daren sanyi mai tsanani, babu ɗigon danƙo, kuma mutuwar ta tsaya a gindin furen ba ta shiga reshe ba, wataƙila wata bakteriya ce, Pseudomonas syringae, ko kuma sanyin ne da kansa. Idan kan tsiro ɗaya ya lanƙwashe, ka tsaga shi ka ga rami a ciki, tsutsa ce.

Gargaɗi: a ƙasashe da yawa wannan cuta tana cikin waɗanda doka ta ce a sanar da hukuma. Idan ba a taɓa ganinta a yankinku ba, kira malamin gona ko jami'in kula da lafiyar tsirrai kafin ka yanke komai, domin su ɗauki samfuri. Kada ka ɗauki reshen a hannu kana zagaya gonakin maƙwabta kana nunawa.

2. Haɗa kayan aiki

- Almakashin yanke reshe guda biyu, masu kaifi
- Babban almakashi mai dogon hannu, da zarton rassa
- Wuƙa
- Bokitin roba da bilic, ko sifirit mai ƙarfin kashi 70
- Buhuna ko tamfol na kwashe rassa
- Fenti mai haske, ja ko ruwan lemo, da buroshi
- Man shafa wa ƙarfe
- Famfon feshi, ma'aunin awo na giram, da ma'aunin zafi mai nuna mafi sama da mafi ƙasa

Ana haɗa bilic ɗin gida kashi ɗaya da ruwa kashi tara, misali rabin lita cikin lita huɗu da rabi. Idan bilic ɗin mai rauni ne, irin mai kashi 3.5, a yi ɗaya da biyar. Dalilin almakashi biyu shi ne tsoma baki a ciro nan take ba ya kashe ƙwayar da ta manne da danƙo. Ɗaya yana jiƙe a bokiti kamar minti guda, kana aiki da ɗayan, kana musanyawa. Bilic yana cin ƙarfe, don haka da an tashi aiki a ɗauraye, a busar, a shafa mai. Haɗin jiya ba ya aikin yau, a sake sabo.

3. Yanka a lokacin ganye

Nan ne ake ceton bishiya ko a rasa ta. A cikin sabon tsiro ƙwayar tana iya tafiyar santimita biyar a rana, kuma kullum tana gaba da inda ido ke ganin baƙi. Saboda haka ba a yanka a bakin tabo.

Ka nemo iyakar ƙarshe inda ɓawo ya canza launi, ka auna santimita 30 zuwa 45 daga nan zuwa wajen gangar jiki, ka yanke a can. Idan bishiyar ƙarama ce mai saurin girma, ko irin nan ne mai rauni kamar Bartlett, ka kai santimita 60. Ya fi kyau yankan ya faɗa a kan itacen da ya shekara biyu ko fiye, domin ƙwayar tana rage gudu a tsohon itace. Bayan yankan ka duba fuskar wurin. In akwai jan zane, ka wanke almakashi ka ƙara matsawa ƙasa.

Idan awon ya kai ka dab da babban reshe ko gangar jiki, kada ka yanke daidai da jikinsa. Bar guntu mai tsawon santimita 10 zuwa 12, ka shafa masa fenti. Sau da yawa wani ɗan gyambo yakan sake fitowa a bakin yanka, to gara ya fito a kan guntun da za a cire da sanyi, da ya fito a jikin babban reshe. Fentin don ka gane wurin ne bayan ganye ya zube, ba magani ba ne.

Gargaɗi: ba a wannan aiki da ruwan sama, ko da raɓa a ganye, ko ana sa ran ruwa cikin sa'o'i 24. Yanka cikin danshi shuka cutar ne da hannunka. Kuma kada a karya reshe da hannu don sauri, domin karaya tana tsayawa ne inda ta ga dama, yawanci dab da tabo, ta bar yagaggen ɓawo.

Idan cutar ta bazu, hannu bai isa ba, akwai tsarin da ake bi. A fara da ƙananan bishiyoyi 'yan ƙasa da shekara biyar, sannan manya masu tabo kaɗan waɗanda cetonsu ke da sauƙi, sannan waɗanda cutar ke dab da gangar jikinsu. Tsofaffin da suka daina fitar da sabon tsiro su ne na ƙarshe, domin a jikinsu cutar takan tsaya da kanta ta zama gyambo, a cire shi da sanyi. Mutane sukan fara da bishiyar da ta fi muni a ido, su ɓata yini a kanta, ƙananan kuma suna mutuwa a bayansu.

Yanka sau ɗaya ba ya gama aiki. Daga faɗuwar fure har tsiro ya ƙosa, a zagaya gona sau biyu a mako, layi-layi, a duba kowace bishiya ta ɓangare biyu.

4. Bishiyar da za a tumɓuke, da yadda za a yi da rassan

Ƙaramar bishiya 'yar shekara uku ko ƙasa, idan cutar ta kai gangar jikinta, a cire ta gaba ɗaya. Haka duk wadda ka ga danƙo ko baƙin ɓawo a ƙasan mahaɗar aurenta, wato inda aka haɗa reshen iri da gindin wata bishiya lokacin dashe, domin ƙwayar ta sauka gindi ke nan, kuma gindi ba ya yankuwa. Irin wannan bishiya takan yi ganye ja ko shunayya tun kafin kaka, ta mutu a shekara mai zuwa, a tsakani kuma tana ta raba wa na kusa da ita. Wuya ce mutum ya tumɓuke abin da ya yi wa ban ruwa shekara uku, amma barinta ya fi tsada.

Rassan da aka yanke a zuba su a buhu ko tamfol nan take, kada a ja su a ƙasa suna gogar ganyen wasu bishiyoyi. A fitar da su daga gona a ƙone, ko a binne inda doka ta hana ƙonawa. Ba a zuba su cikin takin gargajiya, ba a jingine su a bakin gona don itacen girki, domin ɗanyen reshe yana ci gaba da fitar da danƙo kwanaki bayan yanka, ƙudaje suna sauka a kai.

5. Sharar sanyi

Da ganye ya zube, bishiya ta kwanta, sai babban aiki na biyu. Ƙwayar ba a ƙasa take kwana ba, a gefen gyambon da ke jikin rassa take shafe sanyi. Da ɗumi ya dawo, gyambon ya fara tsatsafo da danƙo, ƙudaje da ruwan sama su kai shi kan fure. Gyambo ƙalilan da aka manta sun isa su cika gona da cuta.

Gyambon wuri ne a jikin ɓawo da ya yi duhu, ya ɗan lotsa, wani lokaci da tsaga a kewayensa. Ka fi sa ido kan wanda gefensa bai fito sarai ba, ya narke cikin lafiyayyen ɓawo, domin irinsa ne ya fi ɗauke da ƙwaya mai rai. Rassan da busasshen ganye ke maƙale a kansu suna nuna maka inda za ka duba. Ka yi zagayen da rana tsaka, haske yana bayanka, ka sake yi bayan mako biyu ta ɗaya ɓangaren layin. Zagaye na biyu ba ya rasa abin da ya tsere a na farko.

Da sanyi ƙwayar ba ta tafiya, don haka santimita 15 zuwa 20 ƙasa da gefen gyambo ya wadatar. A cire duk guntayen da aka shafa wa fenti. Wannan yanka a gama shi tun kafin a fara gyaran rassa na yau da kullum, kuma tun kafin toho ya kumbura.

Gyambon da ke jikin babban reshe wanda ba ka son rasawa ana iya kankare shi. A fere ɓawon da ya lalace har zuwa itace, a bi duk jan zane, a ƙara santimita 15 zuwa 20 na lafiyayyen ɓawo sama da ƙasa, da ɗan kaɗan a gefe. Amma idan gyambon ya ci fiye da rabin kewayen reshen, kankara ɓata lokaci ce, a sa zarto.

A wannan zagaye ne kuma ake duba shinge da bakin gona. Tsohuwar bishiyar kwins ko tuffa da aka yi watsi da ita, ko itacen ado na danginsu, idan yana ɗauke da gyambo, duk aikin da ka yi a cikin gona zai koma baya.

6. Feshin jan ƙarfe kafin fure

Sa'ad da toho ya kumbura, kan ganye ya fara leƙowa kore, ana fesa maganin jan ƙarfe sau ɗaya. Ba ya warkar da gyambo. Aikinsa ya kwanta a jikin ɓawo ya rage ƙwayar da za ta fito. Saboda haka ana wanke bishiyar ne gaba ɗaya, gangar jiki da rassa, kuma duk gonar, har da bishiyoyin da ba su nuna ciwo bara ba.

Akwai haɗaɗɗun magungunan jan ƙarfe a shagon kayan gona, a bi awon da ke jikin kwali. Mai son haɗa ruwan Bodo (Bordeaux mixture, maganin jan ƙarfe da ake haɗawa da hannu) da kansa, awon wannan lokaci shi ne kilo ɗaya na shuɗin gishirin kofa-salfet da kilo ɗaya na laim ɗin feshi (farin garin da ake kira hydrated lime) cikin lita 100 na ruwa. A famfon goyo mai lita 16, giram 160 na kowanne ke nan. A narka kowanne daban a bokitin roba, a tace laim ɗin, sannan a zuba ruwan shuɗin cikin na laim ana juyawa. A tsoma sabuwar ƙusa na minti guda. In ta fito da jan launi, laim bai isa ba, a ƙara. A fesa a ranar, ba ya kwana.

Gargaɗi: wannan awo mai ƙarfi na kafin ganye ne. Idan ya sauka a kan fure ko ƙananan 'ya'ya, fatar fiya takan yi kaushi da tabo ruwan ƙasa, farashinta ya faɗi. Fiya irin Anjou da Comice sun fi saurin nuna wannan. Kada a haɗa shi a bokitin ƙarfe, kuma a wanke famfo sosai bayan aiki.

7. Lokacin fure

Makonni biyu ko uku ne, a Masar da Maroko da kudancin Turai wajen Maris zuwa Afrilu, kuma su ne ke yanke hukuncin shekara. Ƙwayar tana sauka a kan tsinken tsakiyar fure, ta hayayyafa a can idan akwai ɗumi, ƙudan zuma suna ɗaukarta daga fure zuwa fure. Duk wannan bai zama ciwo ba tukuna. Sai ruwa ko raɓa mai nauyi ya wanke ta zuwa gindin furen, inda ƙofofin zuma suke, sannan ta shiga jiki. Aikinka shi ne magani ya riga ruwan nan isa.

Manhajar hasashe ta Maryblyt, wadda manoma a Amurka ke amfani da ita tare da irinsu Cougarblight, ta dogara ne kan sharuɗɗa huɗu, kuma sai sun haɗu duka:

- akwai buɗaɗɗen fure;
- ɗumi ya taru, awon da ya kai 110 sama da digiri 18.3 na Celsius;
- an sami jiƙa, ko da raɓa ce ko yayyafi;
- matsakaicin zafin ranar ya kai digiri 15.6.

Lissafin na biyun ba wuya. Kowace sa'a da zafi ya wuce 18.3, ka ɗebe 18.3 daga awon, ka tara abin da ya rage tun daga buɗewar furen farko. Rana mai sa'o'i shida a digiri 26 tana ba da kusan 46. Irin wannan rana uku a jere ta wuce 110. Wanda ba shi da manhaja ya riƙe wannan: kwana biyu ko uku na ɗumi a lokacin fure, ga hasashen ruwa, to ranar feshi ta zo. Fure cikin sanyi, ko da ana ruwa, haɗarinsa kaɗan ne, kuma feshi a lokacin asarar kuɗi ce.

Magungunan kashi biyu ne. Na farko masu rai, waɗanda ke riga ƙwayar cutar mamaye fure. Blossom Protect wani yis ne mai suna Aureobasidium pullulans, Serenade kuma bakteriya ce ta dangin Bacillus. Su ba sa jiran haɗari, ana fesa su tun fure yana buɗewa, a maimaita sa'ad da kashi 70 zuwa 80 ya buɗe, domin suna buƙatar kwana ɗaya ko biyu su kafu. Yis ɗin ba ya jituwa da yawancin magungunan naman gwari, kada a haɗa su a tanki ɗaya, kuma idan aka kai shi ƙarshen fure cikin danshi shi ma yana iya sa fatar 'ya'ya kaushi.

Na biyu magungunan kashe bakteriya na gona, a ƙasashen da suka yarda da su. Amurka ta yarda da sitiraftomaisin da oksitetirasaikilin da kasugamaisin, Tarayyar Turai kuwa ba ta yarda da fesa irinsu a gona ba. Sitiraftomaisin ya fi ƙarfi inda ƙwayar ba ta saba da shi ba. Awonsa kashi 100 cikin miliyan. Idan hodar mai ƙarfin kashi 17 ce, giram 60 ke nan cikin lita 100, ko kusan giram tara da rabi a famfon lita 16. A fesa cikin sa'o'i 24 kafin ruwa. In ruwa ya riga ka, akwai sauran dama cikin sa'o'i 24 bayansa, daga nan an makara. Feshin yamma, iska a kwance, ya fi, domin maganin yana daɗewa bai bushe ba, kuma hasken rana yana lalata oksitetirasaikilin da kasugamaisin da sauri.

Magani yana kare furen da yake a buɗe ne lokacin feshi. Wanda ya buɗe gobe ba shi da kariya. Idan ɗumi ya ci gaba, a maimaita bayan kwana uku zuwa biyar.

Gargaɗi: kada sitiraftomaisin ya wuce sau uku ko huɗu a shekara, kuma kada a fesa shi a kan rassan da suka riga suka yi baƙi. Ba ya warkar da su, sai dai ya koya wa ƙwayar jure shi. A Kalifoniya an sami mai jurewar tun 1971, kuma inda hakan ya faru sai an koma kasugamaisin ko oksitetirasaikilin. Kada kuma a sayo na allurar mutane ko na dabbobi a kemis a narka a famfo. A Amurka tazarar da doka ta sa tsakanin feshinsa da tsinkar fiya kwana 30 ce.

Wani kuskure da ba a cika lura da shi ba: feshin kansa jiƙa ne. Idan ɗumi ya taru, ka shiga gona da tankin maganin ƙwari ko takin ganye ba tare da maganin bakteriya a ciki ba, kai ne ka yi aikin ruwan sama. Haka ban ruwa ta sama a lokacin fure, a dakatar da shi.

Ƙudan zuma ba abokan gaba ba ne, fiya ba ta 'ya'ya sosai sai da su. Abin kiyayewa shi ne kada a kawo amya kai tsaye daga gonar da ke da cutar, kuma a kwashe su da zarar babban fure ya faɗi.

8. Bayan fure

Fiya tana da wata ɗabi'a, musamman Bartlett: bayan babban fure ya wuce takan fitar da 'yan furanni jefi-jefi har makonni. Su ne suka fi haɗari, domin a lokacin zafi ya ƙaru, manomi kuma ya rataye famfo. A bi su a tsinke da hannu a busasshiyar rana. Sabon dashe ma, shekararsa ta farko da ta biyu, a cire masa fure duka, musamman da yake yakan yi fure a makare.

Taki na biye. Ƙwayar tana son tsiro mai laushi mai saurin tsawo, kuma yuriya da kashin kaji su ke kawo shi. A gonar da ta yi ciwo bara a rage takin naitirojin, a ba da shi da wuri, kada a ƙara a tsakiyar lokacin girma. Yanka mai tsanani da sanyi shi ma yana sa bishiya ta fashe da sabon tsiro, don haka gyaran rassa ya zama kaɗan-kaɗan kowace shekara. 'Yan tsiron da ke fitowa daga gindi da jikin ganga a cire su tun suna ƙanana, domin hanya ce gajera zuwa saiwa. A kuma rage darɓa da sauran ƙwari masu tsotsar ganye, saboda raunin da suke bari ƙofa ce.

Idan ƙanƙara ko guguwa ta yayyaga ganye, kuma akwai cutar a gonar ko kusa, wannan ne kaɗai lokacin da ake fesa sitiraftomaisin bayan fure, cikin sa'o'i 24, da wuri ya fi. Kada a shiga yanka ko ɗaure rassa sai ganye ya bushe.

9. Lissafin kuɗi

Farashi ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma awon bai canzawa, sai ka kai shi shago. Hekta ɗaya ta manyan bishiyoyi tana shan kimanin lita 1,000 a feshi guda. Ruwan Bodo na kafin fure zai ci kilo 10 na kofa-salfet da kilo 10 na laim. Sitiraftomaisin mai kashi 17 zai ci giram 600 a feshi ɗaya, kilo 1.8 idan sau uku ne. Magunguna masu rai sukan fi tsada, kuma suna son ajiya mai sanyi, ka duba ranar ƙarewarsu kafin ka biya.

Babban kuɗin ba a shago yake ba, a ƙwadago yake: zagaye sau biyu a mako, yanka, kwashewa, ƙonawa. In kuɗi ya gaza, abin da za a rage shi ne feshin da babu haɗari a ranarsa. Sharar sanyi da zagayen bayan fure ba a taɓa su.

10. Idan za a sake dashe

Iri yana rage rabin wahala. Bartlett, wadda ake kira Williams a Turai, da Bosc da Comice da Anjou da Clapp's Favorite da Passe Crassane duk masu rauni ne. Le Conte, wadda ta mamaye gonakin Masar, ta sha wuya ƙwarai a ɓarkewar farkon shekarun 1980. Masu juriya sun haɗa da Kieffer da Moonglow da Magness da Potomac da Harrow Sweet da Harrow Delight. Juriya ba ta nufin ba sa kamuwa, tana nufin ciwon yakan tsaya a ƙaramin reshe bai kai ganga ba.

A tambayi gindin da aka yi auren a kansa. Gindin kwins yana da rauni, gindin fiya na jerin OHxF irin su 87 da 97 suna da juriya. Ga mai haɗawa da tuffa, gindin M.9 da M.26 masu rauni ne, jerin Geneva sun fi su.

A ba da tazarar da iska za ta ratsa, a guji kwari mai riƙe raɓa, kuma a fi son ban ruwa ta ɗigo. Masu gwada tuffa da fiya a wurare masu sanyi irin su tsaunukan Jos su kula da inda dashensu ya fito, domin cutar ta fi ƙetare iyaka a jikin dashe da sandar aure, wato reshen da ake yankowa don a aura wa wani gindi, kuma ƙwayar tana iya kasancewa a ciki babu alama. A saya daga gandun da ke da takardar shaidar lafiyar tsirrai, a bi ta hannun jami'an killace tsirrai, kada a ɗauko sandar aure a jaka daga gonar da ba a san tarihinta ba. Sabon dashe a ware shi nesa da tsofaffi a shekararsa ta farko, a duba shi kowane mako daga fitowar toho har tsiro ya ƙosa.